Akwai takardar alƙali da ke hana miji mai duka kusantar matarsa a Maraɗi?

Ɗan Bagalam ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina neman bayani daga waɗanda suka san aikin shari'a. Mace ce da aka ɗaura wa aure a masallaci, ba a yi rajistarsa a meri ba, suna da ɗiya biyu. Mijin yana dukanta, na ƙarshen nan har ya shaƙe ta, ta yi yaji, yau kwananta 3 a gidan iyayenta. Ya ce ya sake ta saki ɗaya, da baki, babu takarda. Yanzu kullum bayan isha'i sai ya zo ya kafa babur a ƙofar gidan, kuma yana aiko mata saƙon murya ta WhatsApp wai in ba ta koma ba za ta gani. Muna jin labarin cewa a ƙasashen waje alƙali kan ba da takardar da ke hana mutum kusantar matarsa, in ya kusanto a kama shi. Akwai irinta a nan? Kuma ina ake farawa, wurin mai unguwa, komisariya ko kotu?

Mai Bin Kotu ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Takardar da kake nufi akwai ta a Faransa tun 2010, alƙalin harkokin iyali ne ke ba da ita. A Najeriya ma dokar 2015 ta hana cin zarafin mutane ta zo da irinta, jihohi da yawa kuma sun ɗauka. A Nijar ba mu da doka ta musamman kan dukan aure, saboda haka babu taga guda da za ka je ka ce a ba ka takardar hana kusanta. Kar wannan ya kashe muku gwiwa. Dukan mace laifi ne kamar dukan kowa, aure ba ya wanke shi, kuma abin da waccan takarda ke yi ana haɗa shi a nan daga wurare uku: takardar likita, ƙarar laifi, da rubutaccen alkawari.

Ku fara da komisariya idan gidan yana cikin gari, ko birgad ta jandarma idan ƙauye ne. Ita da kanta za ta je, da katin ɗan ƙasa, da salular da saƙonnin ke ciki, da namiji babba daga danginta. Ku nemi sashen da ke kula da mata da yara ƙanana. Kalmar da za ta faɗa ita ce ta zo shigar da ƙara kan duka da barazana. Idan ta ce ta zo ne a yi wa mijinta magana, to magana za a yi masa, a haɗa su a ba su haƙuri, ta fito hannu wofi. Nan mafi yawan mutane ke yin asara tun ranar farko.

Jami'in zai rubuta bayaninta da Faransanci. Kafin ta sa hannu ko ta dangwala yatsa, a karanta mata da Hausa, ta tabbatar shaƙewar ta shiga, ranaku sun shiga, sunayen waɗanda suka gani ko suka ji ihu sun shiga. Ku rubuta lambar takardar da ranarta da sunan jami'in a littafinku. Sannan ta nemi rekizisiyo, wato takardar da ƴan sanda ke rubuta wa likita su ce ya duba ta ya ba da shaida.

Daga nan za a aika wa mijin takardar kira. Ana iya tsare shi awa 48, mai shigar da ƙara na gwamnati kuma yana iya ƙara wasu 48. Bayan haka fayil ya tafi hannun mai shigar da ƙarar a babbar kotun Maraɗi, shi ke da zaɓi: ya gurfanar da shi, ko da tsarewa a gidan kaso kafin shari'a ko babu, ko ya miƙa wa alƙalin bincike, ko ya ajiye fayil ɗin in ya ga babu hujja. Aya ta 222 ta kundin hukunta laifuka na 1961, wanda aka yi wa gyara a 2003, ta sa wa duka da rauni na ganganci ɗaurin wata 3 zuwa shekara 2 da tarar jika 10 zuwa jika 100, ko ɗaya daga cikinsu. Hukuncin yana hawa idan an yi amfani da makami, ko an yi kwanton ɓauna, ko raunin ya bar naƙasa.

Abu biyu da ba kowa ya sani ba. Na farko, idan kun ga abin ya kwanta a komisariya, kuna iya rubuta ƙara kai tsaye zuwa ga mai shigar da ƙara, ku kai ofishinsa da kwafin takardar likita, a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku. Na biyu, hukumar ba da taimakon shari'a ta ƙasa, wato ANAJJ, da aka kafa da dokar 2011 tana da ofishi a manyan kotuna, kuma matan da aka ci wa zarafi, da masu neman kuɗin ciyar da ɗiya ko riƙonsu, suna cikin waɗanda dokar ta ba taimakon shari'a ba tare da sun kawo shaidar talauci ba. Ku tambayi ofishinta a cikin kotun tun ranar farko.

Wanda aka yanke wa ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka, wato sursi, idan aka sake yanke masa hukuncin ɗauri cikin shekara 5, tsohon ma sai ya yi shi. A ganina wannan shi ne mafi kusa da takardar da kake tambaya, don shi ne ke sa mutum ya yi tunani kafin ya tada babur.

Ungozoma ta amsa:

Malam Mai Bin Kotu ya yi bayani, amma a tsarinsa likita ya zo na biyu, ni kuwa zan sa shi na farko. Wadda aka shaƙe ba ta jiran rekizisiyo. Ku kai ta asibiti yau, ko da wuyan bai nuna komai ba, don shaƙewa takan yi ɓarna a ciki, kumburin ya taso daga baya. Dishewar murya, wahalar haɗiya, jan jini a farin ido, jiri, ko ta ce ta ɗauke na ɗan lokaci ko fitsari ya kufce mata sa'ad da abin ya faru, duk ta faɗa wa likita ko da kunya. Idan tana da ciki ta faɗa da wuri. Takardar ƴan sanda tana iya biyo baya, likita zai koma kan abin da ya rubuta ranar da ya gan ta.

Takardar likita mai amfani tana ɗauke da rana, da wurin kowane rauni da girmansa, da adadin kwanakin da ba za ta iya aiki ba, da suna da hatimin likitan. Ku duba kafin ku fita. Wadda aka rubuta "ciwon jiki" kawai ba ta tsinana komai gaban alƙali. Ku yi kwafi uku, asalin kuma kar ya kwana a ɗakin da mijin ke iya shiga. Ku ajiye rasit na magani da na hoto, da su ake neman diyya.

Hoton rauni a ɗauke shi da rana a inuwa, ba da fitilar salula ba, don walƙiyarta na shafe shatar duka a baƙar fata. Ɗaya daga nesa wanda fuska ta fito, ɗaya daga kusa da ƙwandalar dala ashirin a gefen raunin don a ga girmansa. A sake ɗauka bayan kwana biyu, taruwar jini ta fi fitowa a lokacin. Saƙonnin murya kar a goge, kar a canza salular, kuma in za a ɗauki hoton allo a cire sunan da aka yi masa ajiya da shi don lambarsa ta fito fili. "Baban yara" ba shaida ba ne, lamba ce shaida.

In akwai tilastawa ta kwanciya, maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, na hana ɗaukar ciki kuma cikin kwana 5.

Sai magana ɗaya ga ƴan gidan. Lokacin da mace ta bar gida shi ne mafi haɗari, kuma namijin da ya taɓa kai hannu wuya ba a yi masa uzurin zafin rai. Kar ta fita ɗebo ruwa ko kai niƙa ita kaɗai, kar ta kwana ɗakin da ke bakin zaure. In akwai gidan ɗan'uwa da bai sani ba, ta koma can na ɗan lokaci, a kuma ja kunnen yara da masu kai gulma. In mijin ya zo da dare, a kira 17, lambar ƴan sanda, kar samarin gida su fita da sanduna. Ranar da suka fasa masa kai, shi ne zai riga ku zuwa komisariya da tasa takardar likita.

Ɗan Bagalam ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri. Za a kai ta asibiti da safe. Amma ga wata sabuwa: yau ya aiko ƙanen babansa wai ya mayar da ita tunda idda ba ta cika ba, saboda haka matarsa ce, ba mai hana shi zuwa inda take. Dattawan gida sun fara cewa a bar maganar hukuma a je wurin mai unguwa. Ya abin yake?

Almajirin Malikiyya ya amsa:

Ɗan'uwa, ta fuskar fiƙihu yana da rabin gaskiya. Saki ɗaya na kome ne, miji na iya mayar da matarsa kafin idda ta cika, wato tsarki uku, ko haihuwa ga mai ciki. Sauran rabin shi ne wanda ba a cika faɗa wa mata ba. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a ƙasar nan, mace tana da haƙƙin neman alƙali ya raba auren saboda cutarwa, ko da ba a tabbatar cutar ta maimaitu ba. Ana karɓar shaidar waɗanda suka gani, ana karɓar shaidar ji idan labarin ya bazu tsakanin maƙwabta. Sakin da alƙali ya yi saboda cuta yankakke ne, miji ba ya mayar da ita sai da sabon ɗaurin aure da yardarta, kuma ba ta mayar da sadaki.

A nan ake yi wa mata wayo. Sai a ce tunda ke kika ƙi zama, ki yi hul'i, ki mayar da sadaki, wani ma ya haɗa da lefe da kuɗin gaisuwa. Hul'i na wadda ta ƙi mijin ne ba tare da ya cuce ta ba. Malamanmu sun ce ko ta riga ta biya, in daga baya ta tabbatar cutarwa ce ta sa ta fanshi kanta, a mayar mata da dukiyarta. Saboda haka kar waliyyinta ya yi saurin karɓar maganar biya don a rabu lafiya.

Auren da ba a yi wa rajista a meri ba aure ne, kuma kotu tana sauraronsa. Dokar tsarin kotuna ta ce a harkar aure da saki da gado ana bin al'adar masu shari'a, alƙali kuma yana zama da masu ba shi shawara kan al'ada, waɗanda a nan galibi malamai ne. Ta je da waliyyi da shaidun ɗaurin aure biyu. Ta nemi abu huɗu a zama guda: raba aure saboda cuta, riƙon ɗiya, kuɗin ciyar da su a wata, da ranar kwashe kayan ɗakinta. Takardar likitan nan ita ce babbar shaidarta a can ma. Alƙali zai fara gwada sulhu, yana iya sa dattijo daga kowane ɓangare kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta ce, wannan ba ƙin sauraro ba ne. Abin da ya kamata ta nace a kai shi ne a rubuta cewa tana zaune gidan iyayenta har a gama.

Maganar wai ba mai hana shi zuwa kuwa, gidan surukinsa ba gidansa ba ne. Mai gida ya ce kar ya shigo, in ya kutsa, laifin keta gida ne, ko da aure ko babu.

Na Tasawa ya amsa:

Ni ban ga laifin zuwa wurin mai unguwa ba, sai dai a san abin da aka je nema. Dokar sarakunan gargajiya ta 2015 ta ba su ikon sulhu a harkar al'ada da ta tsakanin jama'a, daga mai unguwa har fadar Sarkin Katsinan Maraɗi. Ba ta ba su ikon shari'ar laifi ba. Duka da barazana na hukuma ne, zaman zaure ba ya goge su. A yi biyun tare, kowane da aikinsa.

Amfanin zaman shi ne takardar alkawari, kuma yawancin waɗanda ake rubutawa ba su da haƙori. "Na yi alkawari ba zan sake ba", a shafa fatiha, a watse. Ba zai sake me ba? Mai kyau tana faɗin wurare da sunansu: gidan mahaifinta da layin da yake, inda take sana'a, lakkwal da makarantar allo ta yara. Tana faɗin ba kira, ba saƙo, ba aike ta bakin kowa sai mutum ɗaya da aka ambata, misali kawunta. Tana faɗin ranar da zai ga ɗiyansa, da gidan da za a kai su, da wanda zai kai ya ɗauko, don ta ƙofar ganin yara ake komowa. Tana faɗin kuɗin ciyarwa da ranar biya. Kayan ɗaki a lissafa su ɗaya bayan ɗaya, gado, katifa, kwanuka, keken ɗinki, awaki in akwai, a sa ranar kwashewa, kuma ita kar ta je, mata biyu da wakilin mai unguwa sun isa. A karanta da Hausa a gaban shaidu, kowa ya dangwala, a shigar a rajistar mai unguwa, kowane ɓangare ya riƙe kwafi. Takardar sulhun da ɓangarorin suka sa wa hannu ana iya kai ta kotu a buga mata hatimin zartarwa, abin da ke da amfani musamman kan kuɗi da kaya. Irin wannan alkawari ana rubuta shi a komisariya ma.

Ku sani karya alkawarin shi kaɗai ba ya kai mutum gidan kaso yadda yake a Faransa. Abin da yake yi shi ne ya rufe bakin "ban sani ba" da "biko na je". Saboda haka a sami ƙaramin littafi, duk zuwan da ya yi a rubuta rana, da ƙarfe nawa, da abin da ya faɗa, da wanda ya gani, a kai wa jami'in da ke riƙe da fayil. Mai hali yana iya ɗaukar wisiye, wato ma'aikacin shari'a mai rubuta shaidar abin da ya gani ko ya ji, ya saurari saƙonnin ya rubuta su a takardar shaida. Kalmomin suna da nauyi daban-daban: "za ki gani" lauya na iya murɗa ta, amma "in ba ki dawo ba sai na kashe ki" barazana ce mai sharaɗi, kuma doka ta hukunta ta ko da baki aka yi. A rubuta yadda ya faɗa, kar a gyara masa Hausa.

In dangi suka matsa ta janye ƙara, ta san cewa janyewarta ba ta ɗaure hannun mai shigar da ƙara, yana iya ci gaba. Amma fayil ɗin da mai shi ta daina zuwa yakan yi sanyi, in kuma abin ya sake faruwa sai an sha wahala kafin a ɗauke shi da zafi.

Mai Bin Kotu ya ƙara da cewa:

Tunda ba masu ƙara kaɗai ke karantawa ba, ga na wanda aka kai ƙara, ko yana da gaskiya ko babu. Takardar kira ta zo, ka je ranar da aka ce da katinka. Ƙin zuwa ba ya kashe magana, a komisariya sai a zo a ɗauke ka, a kotu kuma ana iya yanke hukunci ba ka nan. Kana da damar lauya tun daga lokacin da aka kama ka, ƙa'idar 2014 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, kan aikin lauyoyi ta tanadi haka. Kar ka sa hannu a kan abin da ba a fassara maka ba, in an rubuta abin da ba ka faɗa ba ka ce a gyara kafin ka dangwala. In kai ma an ji maka rauni, nemi taka takardar likita a ranar, ba bayan mako biyu ba.

Daga ranar da ka ji an kai ƙara, ka ɗauke ƙafa, ka ɗauke hannu daga salula. Saƙon ban haƙuri ashirin cikin dare ɗaya, a fayil matsin lamba ne. Tura iyaye da abokai su je su sa ta janye, ko zuwa wurin shaidu a gyara magana, yana iya zama dalilin da za a ce a tsare ka kafin shari'a. Kar ka je lakkwal ka kwashe yara don ka rama, alƙalin da zai yanke riƙonsu zai ji labari. Kuɗin ciyarwa ka aika ta Nita ko Amana ka ajiye rasit, ko ka ba mutumin da aka ambata a gaban shaida. Cefanen da aka miƙa a zaure babu mai tuna shi ranar shari'a. Alkawarin da ka san ba za ka iya riƙewa ba, misali layin da aka hana ka shi ne hanyar shagonka, ka faɗa a wurin a gyara rubutun. In an yanke maka hukunci a gabanka kuma ba ka yarda ba, kwana 10 gare ka ka ɗaukaka ƙara, a ofishin magatakardan kotun ake yi.

Ɗan Bagalam, in kuna tunanin kai ta wurin dangi a Jibiya ko Katsina, ku tuna takardun nan ba sa aiki da kansu bayan an wuce Ɗan Isa an shiga Najeriya. Ta tafi da kwafinsu duk da haka, ku bar wa jami'in lambar da za a same ta, kuma a shirya yadda za ta dawo ranar zaman kotu.

Ɗan Bagalam ya rubuta:

Mun gode ƙwarai. An je asibiti, an karɓi rekizisiyo, jibi za a karɓo takardar likita. Mai unguwa ya sa zama ranar Asabar bayan la'asar. Dole ne ita ma ta zauna a wurin?

Ungozoma ta amsa:

Ba dole su zauna tabarma ɗaya ba. Waliyyinta ya zauna, ita a ji ta bakinta a cikin gida, a kawo mata takardar a karanta mata ta dangwala. In mai unguwa ya ce sai ta zo, ta zo bayan mijin ya riga ya zauna, ta kuma tashi kafin shi, a riƙe shi da magana har mai kabu-kabun da kuka sani ya kai ta gida. Asalin takardar likita kar ya je zauren, kwafi za ku kai.